Jita a Hannun Makaho: Daga Lares zuwa Nima

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi, unguwannin zango na birnin Akra a Gana, ya san yaron da nake nufi, ko da sunansa ya bambanta daga lungu zuwa lungu. Ba ya gani. Yana zaune a bakin ƙofa da gwangwanin Milo tsakanin gwiwoyinsa, in kiɗa ya taso daga gidan biki sai ya kama shi da yatsu, ba ya gaba ba ya baya. Masu wucewa su ce “Allah sarki”, wani ya jefa masa 'yan sulalla, shi ke nan. Ba mai tsayawa ya ce wannan kunnen sana'a ce a kwance.

A ƙauyen Lares, cikin duwatsun tsibirin Fuwarto Riko, an yi wani yaro irinsa. An haife shi ranar 10 ga Satumba 1945, makaho tun daga ciki saboda hawan jinin ido, ɗaya daga cikin 'ya'ya maza goma sha ɗaya. Yana ɗan shekara uku yake buga gwangwanin biskit yana raka kawunsa mai kaɗa kuwaturo, wato molon manoman tsibirin mai tsirkiya goma. Sunansa Hose Felisiyano, a rubuce José Feliciano. Yana da shekara biyar iyayensa suka yi ƙaura zuwa unguwar masu jin Sifaniyanci a Harlem ta birnin Niyok, zangonsu ke nan in muka faɗa da bakinmu. Ya fara da akodiyon, ya koma jita, yana kulle kansa a ɗaki yana bin faifai da kunne, wani lokaci har awa goma sha huɗu a yini. Da ya kai sha bakwai ya bar makaranta ya shiga kiɗa a shagunan shan kofi, ana zagayawa da hula ana tara masa kuɗi, don gidansu na cikin matsi.

In ka bi hirarrakinsa na shekaru, abu guda yake ta komawa kai: a san shi da hannunsa da asalinsa kafin a san shi da idonsa. Ya sha ba da labarin yadda aka so ya sauya suna ya ɗauki na Turawa don kasuwa ta buɗe, ya ƙi, saboda sunan mahaifinsa ne. A 1966 ya je Ajantina, ya ɗauki tsofaffin waƙoƙin soyayya na zamanin iyayensa ya sabunta su da jitarsa, ya yi suna a ƙasashen Latin tun Amurka ba ta gama saninsa ba. A 1968 Amurkar ma ta san shi, har ya ci kyautar Grammy biyu a farkon 1969. Amma a tsakanin nan, ranar 7 ga Oktoba 1968, aka gayyace shi ya rera taken ƙasa kafin wasan besbol a Ditiroyit. Ya rera shi a hankali, da jita, da irin lanƙwasar muryarsa. Aka yi masa ihu a filin, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa, gidajen rediyo da yawa suka daina sa faifansa. Yana ɗan shekara 23, kuma ɗan ƙasa ne cikakke, don mutanen tsibirinsu 'yan Amurka ne a doka tun 1917. Mu da aka haifi kakanninmu a Sabon Zango ko Tudu, amma har gobe in an zo yin katin ɗan ƙasa sai a ɗaga ido a sake tambayarmu garinmu na asali, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ciwon ba. Jitar da ya kaɗa ran nan yanzu tana gidan tarihi na Smithsonian, shi da kansa ya ba su a 2018.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne: bai iya cewa “a'a” don taurin kai kawai ba. Ya iya ne don shi ke saita jitarsa, shi ke tsara kiɗansa, ba ya jiran kowa ya ɗora masa yatsu. Hausawa na cewa in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Makahon mawaƙin da wani ke riƙe masa kayan kiɗa da aljihu da faifai, wannan wanin ne zai yanke masa sunan da zai amsa da harshen da zai yi waƙa. Don haka maganar gado da asali daga tsirkiya take farawa.

Kafin jita, ido. Jaririn da ƙwayar idonsa ta yi girma fiye da kima, ko baƙin idon ya yi hazo, yana yawan hawaye yana gudun haske, a kai shi sashen ido na asibitin Korle Bu a Akra ko na Komfo Anokye a Kumasi cikin makon, kada a tsaya ɗiga masa tozali ko ruwan nono. Hawan jinin ido na jarirai aikin tiyata ne, kuma da wuri ake cin nasararsa. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage shi ake ceto.

To, jitar farko. A sayi mai tsirkiyar roba, kada a sayi mai ta ƙarfe. Ta roba ba ta yanka yatsa, wuyanta ya fi faɗi, tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi ta fi yawa, yatsan da ke lalube ya fi saurin gane inda yake. Irinta Felisiyano ya yi suna da ita. Yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas, rabin girma; takwas zuwa sha ɗaya, kashi uku cikin huɗu; daga nan cikakkiya. Yawancinmu ta gwanjo za mu saya, to a je da katunan banki ko makamantansu, don kaurin kowane kati bai kai milimita ɗaya ba, kusan kashi uku cikin huɗu ne. A gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne ƙarafan da aka jera a wuyan jita), inda wuya ya haɗu da gangar jiki, a zura kati biyar ƙarƙashin tsirkiya mafi kauri, huɗu ƙarƙashin mafi siriri. In sun shiga daidai, lafiya. In kati bakwai sun shige suna lilo, wuyan ya lanƙwashe ko fuskar ta kumbura, yaro zai yi ta matsawa har ya tsani kiɗan. Sannan a gwada zura takarda ta bayan jaki, wato katakon da aka ɗaure tsirkiyoyi a kansa. In ta shiga, jakin ya fara ɗagowa. A shafa gefen wuya da tafin hannu, in bakin ƙarafan gaɓoɓi na karce fata, sai an goge su. Wannan gwajin na ƙarshe a bar wa yaron, ya fi kowa iya shi.

Kuskuren da ya fi kashe jita a garin nan shi ne tsirkiya ta tsinke, a je shago a ce babu ta roba, a ɗaura ta ƙarfe. Saitin roba yana jan jaki da nauyin kilo arba'in ko ƙasa da haka, na ƙarfe kuwa ya kan kai kilo saba'in. Jitar da ba a gina ta don wannan nauyin ba, wata rana da dare za a ji ƙara, a tarar jakin ya ɓalle. Na biyu zafi: but ɗin tasi da rana, ko jingina ta ga bangon ɗakin kwano da ya sha rana, yana sassauta gam. Na uku hunturu. Katakon da ya saba da danshin tekun Akra, in aka ɗauke shi zuwa Tamale ko Bawku a watan Janairu, yakan tsage. A sa ɗan soso mai laima cikin robar sabulu mai huji, a ajiye a jakar, kada ya taɓa katakon. Da damina kuma a goge tsirkiyoyi uku masu naɗin ƙarfe da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, don iskar gishiri na cinye su.

Saita jita shi ne darasin farko, tun kafin waƙa ko ɗaya. Injin saiti mai fitila ba shi da amfani a nan, kuma alheri ne, don masu ido da yawa sun dogara da fitilar har kunnensu ya mutu. A ɗauki sautin tsirkiyoyi shida na jitar da aka saita daidai a waya, ko a sayi ƙarfen saiti mai ba da sautin 440, wanda yake daidai da tsirkiya ta ɗaya, wato mafi siriri, in an danne ta a gaɓa ta biyar. Daga nan kowace tsirkiya ta saita maƙwabciyarta: ta shida a gaɓa ta biyar ta yi daidai da ta biyar a sake, haka ta biyar da ta huɗu, haka ta huɗu da ta uku. Ta uku kaɗai ce ake dannewa a gaɓa ta huɗu don a samu ta biyu, nan ne kowa ke tuntuɓe. Ta biyu a gaɓa ta biyar ta ba da ta ɗaya. In sautuka biyu sun kusa haɗuwa za a ji suna rawa, wani “wau-wau-wau”. Ana murɗa kunnen jita rawar na raguwa, in ta tsaya cik an iso. Kullum a iso daga ƙasa: in an wuce, a sassauta a sake hawa, in ba haka ba tsirkiyar za ta zame a tsakiyar waƙa. Sabbin tsirkiyoyin roba sukan yi kwana uku zuwa mako suna miƙewa, don haka ba a canza su ranar biki. In za a canza, ɗaya bayan ɗaya, kuma tun a gida a yanka wa kowace ambulan ƙira a gefe, ɗaya zuwa shida, yadda zai zaro wadda yake so ba tare da ya kira kowa ba.

Alama a wuya biyu ta isa: ɗigon jan farce, a shafa sau uku ya yi tudu, a bayan wuya inda babban yatsa ke bi, a gaɓa ta biyar da ta bakwai. Masu cika wuya da alamomi suna ruɗa yatsa ne kawai.

Malamin da zai koyar kuma, kada ya cafki yatsun yaro yana dasa su kamar mai shuka albasa. Yaron zai sandare, kuma bai koyi komai ba sai jiran a dasa shi. Malam ya kama sautin da nasa hannun, yaro ya ɗora hannu a kan na malam ya lalubi siffar, sannan ya gwada da kansa. A bar “nan” da “can” da “ɗan matsa haka”. Komai da lamba: tsirkiya ta biyu, gaɓa ta ɗaya, yatsa na ɗaya. Kafin a taɓa shi a faɗa masa. Minti ashirin sau biyu a yini ya fi awa biyu ranar Asabar. A ɗauki kowane darasi a waya, malam ya faɗi sunan darasin da bakinsa a farkon ɗaukar, don in sun kai hamsin ba wanda zai tuna wanne ne wanne. A lura da wuyan yaron tun da wuri. Wanda bai taɓa ganin yadda mutane ke zama ba yakan sunkuyar da kai ko ya karkata kunne wajen jita, wannan kuwa yana shaƙe maƙogwaro yana kuma kawar da baki daga makirfo. A zaunar da shi a kujera marar hannu, haɓa a miƙe, ya riƙa rera wa bangon da ke gabansa.

Akwai rubutun kiɗa na makafi, wanda Luwi Burel ɗin nan na Faransa ya tsara tare da rubutunsa mai ɗigo shida. Ɗigo huɗu na sama su ke faɗin sauti, biyu na ƙasa su faɗi tsawonsa. Mai jita ba zai karanta yana kaɗawa ba, tun da hannu biyu na aiki, sai dai ya karanta layi ya haddace ya ɗauki jita. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san allo da tilawa. Makarantar makafi ta Akropong, wadda ke nan tun 1945, da ta Wa a arewa, can ake samun tushen rubutun Burel. Barin makarantar da Felisiyano ya yi talauci ne ya sa shi, ba abin koyi ba ne.

Na san wani zai ce kiɗa ba sana'ar ɗan Musulmi ba ce. Wannan magana ce tsakanin kowane gida da malamansa, ban zo warware ta ba. Amma ko gidan da ba ya son jita ya san Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai Imfiraji, wanda baitocinsa suka zagaya duk inda ake jin Hausa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mai bege da mandiri, da mai waƙar wa'azi, duk abin da zan faɗa kan dandamali da ɗaukar murya da kuɗi ya shafe su daidai wa daida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hana yaro jita don kunya, sannan a miƙa masa ƙoƙo a sa ƙaninsa ya bar makaranta ya ja shi zuwa bakin titi.

Dandamalinmu ba na gidan wasa ba ne. Rumfa ce a tsakiyar titi, kujerun roba, janareta, wayoyi a ƙasa kamar taliya, igiyoyin rumfa da turakunsu, ga kwata a buɗe taku uku daga wurin. A iso awa guda kafin taro. Ɗan jagora ba ya turawa daga baya, ba ya jan sanda; mawaƙin ke riƙe gwiwar hannunsa, yana rabin taku a bayansa. A zagaya wurin sau ɗaya ana ƙirga taku: daga kujera zuwa bakin dandamali nawa, zuwa matakala nawa, matakalar hawa nawa ce. In an zo kujera a ɗora hannunsa a kan bayanta, shi zai zauna da kansa. A tafi da ƙaramar darduma, kamar mita ɗaya da rabi, a manne gefunanta da salatif mai faɗi. Ita ce ƙasarsa: muddin ƙafarsa na kanta ya san inda komai yake. A jera kaya da lissafin agogo, kuma kullum iri ɗaya, makirfon murya a ƙarfe 12, ruwan sha a ƙarfe 3 a ƙasa, mazaunin jita a ƙarfe 9. Wanda ya matsar da abu don “gyara” ba tare da ya faɗa ba, shi ne ke jawo jita ta faɗi.

Makirfon murya a sa masa soso, yatsa biyu zuwa uku daga leɓe, yadda zai ɗan taɓa shi ya san yana nan. A ɗaure sandarsa tam, don in ta sunkuya a hankali mai ido zai bi ta, shi kuwa sai dai ya ji muryarsa ta ɓace. Na jita kada a cusa shi a ramin jiki, nan ne kuwwa da gurnani ke fitowa. A nufi gaɓa ta 12, tazarar kamar taƙi ɗaya. Maganar wuta kuma ba wasa ba ce. Masu haya da yawa sun karya ƙafa ta uku ta fulogi, ga janareta ba a haɗa shi da ƙasa ba, sai jikin makirfo ya ɗauki wuta. A sa mai kayan ya taɓa shi da abin gwajin wuta kafin leɓe ya taɓa.

Makaɗa sun saba magana da ido: gyaɗa kai, ɗaga gira, kallon mai ganga. Duk wannan ba ya isa wurinsa. A mayar da su sauti tun a wajen gwaji. Farawa, mai ganga ya ƙirga da sanduna. Zagaye na ƙarshe, wani bugu na musamman da aka yi ittifaƙi a kai. In amarya ta shigo ana so a tsawaita, mai amshi na kusa ya faɗa masa kalma guda a kunne. Mafi kyau ma shi ya zama mai ba da umarnin, da muryarsa ko da bugun jikin jita, sauran su bi.

Sai liƙi. Hannun da ya faɗo wa mutum a goshi ba zato yana firgita shi, ya ɓata masa baiti. A ajiye tire taku ɗaya a gaban dardumar, sanƙira ya sanar cewa nan ake zubawa, mai liƙi kuma a faɗi sunansa a kunnen mawaƙi don ya yi masa kirari, abin da ya zo nema ke nan. A ƙirga kuɗin a gabansa da baki, mutum biyu, ɗayansu ba ɗan jagora ba. Ba zargi ba ne, hana zargi ne. Ladan ɗan jagora a yanka shi tun farko, kaza a kowace fita, kada a bar shi a “ɗauki abin da ya sawwaƙa”. Kuɗin wasa kuwa a karɓa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, rabi kafin a fito, a wayar mawaƙin, wadda ke karanta masa saƙo da TalkBack ko VoiceOver. Lambar sirri tasa ce shi kaɗai, ya sa abin kunne in zai danna ta a cikin mutane. Takardun sidi a ninke kowane iri da nasa ninki, don alamar taɓawa da ke jikin sababbi takan shafe in sun sha hannu.

Yanzu ga abin da ya fi daɗi a wannan zance. Yaron zango da ya kama jitar Latin ba kayan aro ya ɗauka ba. Akwai wani makahon kafin Felisiyano, Arseniyo Rodirigez na Kyuba, haihuwar 1911, jikan bawan da aka kwaso daga Kwango, wanda dabba ta harbe shi a kai yana yaro ya rasa gani. Yana kaɗa tires, ƙaramar jita mai tsirkiya biyu-biyu sau uku. Shi ya tabbatar da doguwar ganga da piyano da ƙarin kakaki a ƙungiyar kiɗan Kyuba da ake kira “son” tun daga 1940, tsarin da salsa ta tsaya a kai daga baya, kuma yana saka kalmomin Kwango na kakanninsa a waƙa ba ya ɓoyewa. A 1947 ya je Niyok neman a buɗe masa ido, likita ya ce ba hali. Ya rasu a 1970 a Los Anjalis, bayan wasu sun yi suna da kuɗi da salon da ya share wa hanya. Ƙashin bayan kiɗansa bugu biyar ne, uku sannan biyu. Je ka unguwar Jamestown ta Akra ka saurari ƙarfen da ake bugawa a kpanlogo, kiɗan mutanen Ga, shi ne dai. Faifan Kyuba sun yi ta shigowa gaɓar tekun nan tun shekarun 1930, kuma E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos sun zuba gangunan Kyuba a kiɗan hailaif na Gana. A Jamestown ɗin ma akwai gidan Tabom, zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil a 1836, cikinsu da Musulmi masu jinin Hausa. Don haka a koya wa yaro wannan bugu biyar da tafi kafin komai: ƙafa na taka huɗu, hannu na tafa biyar, har ya iya magana yana yi. Sannan babban yatsa ya ɗauki aikin ganga a tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu su ɗauki amshi. Wanda ya saurari gurmi ko kologo zai ga hannunsa ya riga ya san hanyar.

Harshe fa? A 1970 Felisiyano, yana Los Anjalis cikin kewar gida, ya yi waƙar Kirsimetin nan da duniya ta haddace, Feliz Navidad. Kalmominta ba su wuce ashirin ba, shida na Sifaniyanci sauran na Turanci, ya kuma saka kuwaturo irin na kawunsa a ciki. Ya ce ya sa Turancin ne don kada gidajen rediyo su samu hujjar ajiye ta. Dabarar a fili take: ya buɗe wa baƙo ƙofa, amma sunan waƙar da kayan kiɗan na gidansu ne. Mawaƙin Nima na da Hausa da Tuwi da Ga da Turancin titi a baki ɗaya. Shawarata, amshi ya zama da Hausa, gajere, wanda Ba'ashante zai iya kamawa a ji na biyu, baitoci kuma su yi yawo. Sai dai Hausa ba ta yarda a ja ta yadda aka ga dama. Tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da hawa da saukar murya. Ka ja farkon “gari” don karin Latin ya nema, ka tashi daga garin da ake zama ka koma garin tuwo. Maganinsa a faɗi layin da baki sau goma kamar ana hira, a tafa shi, a bar karin ya tsiro daga maganar, sannan a nemo masa sautukan jita. Hausarmu ta Gana kuma, da 'yan'uwanmu na Kano ke yi wa dariya don ba ta damu da “ya” da “ta” ba, kada a goge ta don kunya. In za a yi waƙa da Hausar Kano a yi don an zaɓa. Mutanen Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin nan, suna da muryarsu.

Ɗaukar faifai a yau ba sai an jira mai situdiyo ba. Ra'ul Midon, makahon Amurka ɗan Ba'ajantine, haihuwar 1966, yana ɗaukar faifansa yana haɗawa da kansa a situdiyon gidansa. Kayan farawa: kwamfuta mai Windows, manhajar NVDA mai karanta allo, kyauta ce, manhajar ɗaukar sauti REAPER da ƙarin OSARA wanda ke sa ta yi magana, akwatin sauti mai maɓallan murɗawa na hannu, ba na shafa gilashi ba, makirfo ɗaya, abin kunne mai rufe kunne. A saita ƙarfin shiga yadda mafi ƙarar waƙa zai tsaya wajen 12 zuwa 6 ƙasa da sifili, manhajar za ta faɗi lambar. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa, wanda ya yi ƙasa ana ɗaga shi. A jingina katifa biyu a kusurwar ɗaki, mawaƙi ya ba su baya, a kashe fanka. Lokaci mafi shiru a zango tsakanin ƙarfe ɗaya na dare ne da kiran assalatu, ba injin niƙa, ba daka, ba hon ɗin torotoro. A sa batirin ko-ta-kwana saboda ɗauke wuta, a riƙa adanawa bayan kowace ɗauka.

Takarda ita ce inda aka fi cutar makaho. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan abin da mai ba da kwangilar ne ya karanta masa. A nemi a turo rubutun ta waya, rubutu na gaske ba hoton takarda ba, don manhaja ta karanta masa, sannan wani nasa ya gwada shi da wanda aka buga. Tambayoyi uku: wa ya mallaki asalin ɗaukar, shekara nawa, kashi nawa. Ranar da aka gama waƙa a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kari, da kason kowa, tun ana dariya. A yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙan Gana kuɗin haƙƙinsu, da sunan da ke kan katinsa na ɗan ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ba shi waƙarsa tsawon ransa, ta ba magadansa shekara 70 bayansa. Asalin faifai a ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a intanet da lambar sirrinsa, ɗaya a gidan wani daban.

Kuɗin kayan fa? Kowace majalisar gunduma tana da kason naƙasassu daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, kuma ana neman sa ta ofishin jin daɗin jama'a. Ƙungiyar Makafi ta Gana na taimakawa wajen bin hanyar. Kada a rubuta “muna neman taimako”. A rubuta jita mai tsirkiyar roba guda ɗaya, jaka mai kauri, saitin tsirkiya uku, kuɗin malami na wata shida, a haɗa da takardar farashi daga shago da sunan malamin da ya yarda zai koyar. A riƙe kwafin takardar, a sa a buga mata hatimin karɓa, a koma bayan mako biyu tare da yaron, shi ya yi bayani da bakinsa.